Shekarun Inna Ba Lamba Ba Ne

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Allah ya ƙara maka lafiyar baya, don Maman yara ta tsegunta mini cewa har yanzu kana kwanciya ƙarƙashin manyan motoci kamar ɗan shekara ashirin, alhali kana da ma'aikatan da aka ɗauka don wannan aikin. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da likita ya canza mata magani, yanzu da kanta take kai kujerarta bakin ƙofa ta zauna tana sa wa masu wucewa ido. Rufin ɗakin tsakiya da yake yoyo an gyara shi, ko da yake mai gyaran ya bar mana tsaninsa a tsakar gida sati uku ke nan, har mun fara shanya a kansa. Jaririyar Auta ta cika wata bakwai, ta fara zama, kuma duk abin da hannunta ya kai sai ya ziyarci bakinta. Ka riƙe zancen jaririyar nan, don za ta sake fitowa a gaba.

Yaya, da gangan na zauna na rubuta maka takarda ban kira ka ba. A waya ba ka bari mutum ya kai ƙarshen magana. Injin yana ruri a bayanka, wani yana kiranka, kai kuma ka yanke hukunci cikin minti uku ka kashe. Haka ka yi wa Takwara ranar Talata. Ta kira ka tana kuka, ta ce jingar kwamfuta ta gagare ta, kai kuma ka ce in dai ba za ta iya ba ta haɗa kayanta ta dawo, ka sama mata wani abin da ya fi sauƙi. Na san tausayi ne ya sa ka faɗa, ba na musun wannan. Amma yarinyar nan 'yarka ce ta cikinka, ba ta san wasa da maganarka ba. Kafin in dawo daga makaranta ta sauko da jakarta daga kan sif, ta linke kayanta, har takalmin da ba ta sawa ta goge ta saka a leda. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai gama hucewa ba. Saboda haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, ka ji abin da ya faru daga tushe.

Ka san Takwara ba ta yi abin kirki a jarrabawar farko ba. Ba rashin sani ba ne, tsoro ne ya kama ta a gaban kwamfuta har lokaci ya ƙare. Wannan ya sa jingar nan ta zama ita ce gadar da za ta haye. In ta samu maki hamsin cikin ɗari ta wuce zango na biyu, in ta gaza sai ta maimaita shekara ko ta bari. Jingar kuwa a ido ba wani abu ba ce. An ce kowane ɗalibi ya tara bayanan mutane ko na kaya kamar goma sha biyar, kowane da suna da wata lamba, sannan ya rubuta ɗan shirin da zai sa kwamfuta ta jera su daga babba zuwa ƙarami. Yawancin 'yan ajinsu sun ƙirƙiro sunayen ɗalibai da makin ƙarya, cikin awa ɗaya sun gama. Ita kuwa takwarar tawa sai ta ce ba za ta ƙirƙiri mutane ba alhali tana da nata. Ta ɗauko littafi ta rubuta danginmu, mutum goma sha huɗu, kowa da shekarunsa, don kwamfuta ta jera mu daga babba zuwa ƙarami. Da ta faɗa mini na ji daɗi har na yaba mata. Da na san abin da ke tafe, da na ce ta jera farashin takalma.

Ga inda gizo ke saƙar. Kwamfuta tana raba abin da aka ba ta nau'i nau'i, kuma ba ta haɗa lamba da rubutu a awo ɗaya. In ka tambaye ta tsakanin hamsin da huɗu da saba'in da biyu wanne ya fi, nan take za ta amsa. In ka tambaye ta tsakanin hamsin da huɗu da kalmar "gobe" wanne ya fi, sai ta tsaya cak ta ce ba za ta iya gwada su ba. Mu malaman kwamfuta wannan muke kira kuskuren nau'i. Takwara ta sa wa kowa shekarunsa da lamba: Kawu saba'in da biyu, kai hamsin da huɗu, ni arba'in da shida, ita goma sha tara, har zuwa kan yara. Da ta zo kan jaririyar Auta sai ta rubuta "wata bakwai", don gaskiyar ke nan. Da ta zo kan Inna sai ta rubuta "ba a sani ba", don nan ma gaskiyar ke nan. Tana danna maɓallin gwaji sai jan rubutu ya cika ƙasan allo, yana cewa ba a gwada rubutu da lamba.

Abin haushi da jan rubutun nan shi ne ba ya nuna maka mai laifi, sai dai ya nuna inda aka yi karon. Ya nuna mata layin da ke yin jeren, layin kuwa lafiyarsa ƙalau. Kamar mota ce ta mutu a kan gada, mutum ya sauko yana duba gadar. Kwana biyu yarinyar nan tana goge layin tana sake rubuta shi, ta canza masa baka, wato alamar nan da ake buɗewa a rufe, ta canza masa suna, ta kwafo na cikin littafi harafi harafi, jan rubutun yana nan inda yake. Ni kuma ina gani, na kuma san inda ciwon yake tun kallon farko, amma bakina a ɗaure. Ka san a sashen kwamfuta na makarantarsu nake koyarwa, ko da yake ba ajinsu nake ɗauka ba, kuma dokarmu ita ce malami ba ya taɓa madannan kwamfutar ɗalibi a kan aikin da za a ba shi maki, balle ɗalibar da ke kwana a gidansa. Shekara goma sha biyu ina tsare wannan doka a kan 'ya'yan mutane, ban taɓa sanin nauyinta ba sai da ta hau kan 'yar ɗan'uwana. Wallahi, Yaya, sai da na riƙa zama a kan hannuwana. Abin da kawai na ce mata shi ne ta daina kallon layin, ta kalli abin da take ba layin ya ci. Ta dube ni kamar na yi mata magana da wani yare.

Ranar Litinin sai ga ƙawarta mai gilashi, wadda ta gama nata tun ranar farko, ta zo da magani. Ta ce tun da kwamfuta ba ta son a haɗa mata iri biyu, a mayar da komai rubutu, kowa ya huta. Suka ƙara kalma ɗaya a layin, suka danna, jan rubutu ya ɓace. Na ji ihun murnarsu daga kicin. Takwara ta rugo da kwamfutar a hannu tana cewa Gwaggo ya yi, Gwaggo ya yi. Na goge hannuna na ce ta karanta mini jerin da ƙarfi daga sama. Ta fara, muryarta na raguwa a kowane layi. Babbar gidanmu gaba ɗaya ita ce jaririyar Auta. Inna ce ta biyu. Na uku ɗana mai shekara tara, sannan Kawu mai saba'in da biyu a ƙarƙashinsa. Bayan Kawu sai ƙaramar 'yarka mai shekara shida, sannan kai. Dalili kuwa shi ne, idan kwamfuta ta ɗauki lamba a matsayin rubutu, ba ta duba yawanta, harafin farko take dubawa kamar mai jera sunaye a rajista. Tara ya fi bakwai, don haka mai shekara tara ya girmi mai saba'in da biyu. Shida ya fi biyar, don haka 'yarka ta girme ka. Inna da ke jin mu daga bakin ƙofa ta ce ai dama ta daɗe da sanin jaririyar nan ce ke mulkin gidan, na'ura dai ta tabbatar.

Kowa ya yi dariya ban da ni, don wannan kuskuren ya fi na farko muni. Na farkon yana ihu ya tsayar da kai. Wannan kuwa shiru yake yi, ya miƙo maka ƙarya cikin ladabi. Da ba mutanen gidanmu ba ne a jerin, da sunayen ƙarya ne irin na 'yan ajinsu, ba za ta taɓa lura ba, da ta miƙa shi haka tana murna. Na faɗa mata garin neman gira sun rasa ido. Mai gilashi ta tattara jakarta ta ce ita dai nata ya yi aiki, ta tafi. Ni dai ina zargin nata ma da a ce akwai mai maki tara a ciki da ya zo na ɗaya a aji.

Daga nan Takwara ta gane cewa hanya ita ce a mayar da komai lamba, ba rubutu ba. Ta gwada, sai wani jan rubutun daban ya fito, yana cewa ba zai iya mayar da "wata bakwai" lamba ba. Wannan ya yi mata daɗi ta wani ɓangaren, don karon farko ke nan na'urar ta kira sunan mai laifi. Na jaririyar bai ba ta wahala ba. Ta yi tunani ta ce wanda bai cika shekara ba shekarunsa sifili ne, kuma ba ƙarya ba ce. Ta sa sifili, ta wuce. Sai aka zo kan Inna, a nan kuma jirgi ya tsaya.

Ta je ta durƙusa gaban Inna da biro da littafi ta tambaye ta shekarunta. Inna ta ce wadda ta yi ƙirgen mahaifiyarta ce, kuma ta tafi da lissafinta, in ana so a je a tambayo ta. Takwara ba ta haƙura ba, ta buɗe gwangwanin da muke ajiye takardun Inna. Katin asibiti na farko ya ba ta saba'in da takwas. Katin shaida ya ba ta tamanin da uku. Katin asibitin ƙashi da muka je bara ya ba ta saba'in cif, wato ta zama ƙanwar Kawu, wanda ita ta goya shi. Ka tuna ranar, kai ka cika wannan katin a waya, ka ce a sa saba'in kawai don layi na tafiya. Ga kati uku, ga shekaru uku, kuma babu wanda za a rantse a kansa.

A nan ne ni ma na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na gaji, ga takardun ɗalibaina sittin suna jirana a kan tebur, ga ranar miƙa aiki Alhamis da tsakar rana tana matsowa. Na ce mata ta ɗauki ta tsakiyar, saba'in da takwas, ta wuce wurin, ba mai zuwa ya bincika. Ta ce mini ai ni ce nake faɗa wa ɗalibai tun ranar farko cewa wanda ya zuba wa kwamfuta ƙarya, ƙarya za ta amayo masa. Na ce to ta sa sifili. Ta ce sai Kaka ta koma sa'ar jaririya. Haushi ya kama ni na ce to ta cire ta daga jerin, mutum goma sha uku ma sun isa jinga. Yaya, da ka ga kallon da ta yi mini. Ta ce ita ba za ta goge Kakarta don na'ura ta ji daɗi ba, in haka ake wannan karatun to a bar shi. Ta rufe kwamfutar ta shige ɗaki. Washegari ne ta kira ka, kai kuma ka ƙarasa abin da na fara. Don haka in ina jin haushinka, ka sani rabin haushin nawa ne na kaina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar tana da gaskiya, kuma ni na sani. Duk misalan da muke ba ɗalibai a aji tsaf suke, kowane gurbi a cike, kowace lamba lamba ce. Amma duk wanda ya taɓa aiki da takardun mutane na gaske, a asibiti ko a makaranta ko a ofis, ya san ba haka suke zuwa ba. Kullum akwai gurbin da ba a cika ba, akwai wanda ya rubuta "kusan hamsin", akwai wanda ba a sani ba. Mai rubuta shiri na ƙwarai shi ne wanda ya yi wa rashin sani wurin zama, ba wanda ya share shi ƙarƙashin tabarma ba. Wannan darasin sai a zango na uku muke koyar da shi. Takwara ta ci karo da shi a sati na tara, ita kaɗai, saboda ta zaɓi mutanen gaske. Ni kuma maimakon in ce mata ta kai inda manya suke, na ce ta goge.

Ranar Laraba da safe ta ce ba za ta je makaranta ba, tunda Baba ya ce ta dawo. Na ce ko za ta tafi sai ta miƙa aikin, ko da a karye ne, don a gidanmu ba a barin aiki a buɗe a juya baya. Ta bi ni tana jan ƙafa. Bayan na gama ajina na same ta a ɗakin kwamfuta, a kujerar ƙarshe kusa da taga, wadda maɓallin sharewarta ke maƙalewa. Fanka ɗaya ce ke aiki, ɗakin ya yi zafi, ɗalibai sun watse sai mu biyu da mai kula da ɗakin yana ta kaɗa makullansa don mu ji. Na ja kujera na zauna a kan hannuwana kamar kullum. Ta tsura wa layin Inna ido. Can sai ta ce, kamar mai magana da kanta, ai ko allon sifanun Baba akwai ƙusar wadda ba ta da lamba.

Ka gane abin da take nufi. Allon nan na garejinka, inda kake rataye sifanu a jere, lamba takwas, goma, sha biyu, sha huɗu, har zuwa manya, kuma kowa ya san in ya mayar da sha uku a gurbin sha biyu zai ji a jikinsa. Da kuma tsohuwar sifanar mahaifinmu, wadda hannu ya cinye lambarta tun kafin a haife mu. Ta ce tun tana ƙarama take ganin ba ka taɓa jefar da ita ba, ba ka kuma ɗauki fenti ka rubuta mata lambar ƙarya ba, ƙusa ka buga mata ita kaɗai a saman allon. Ta ce ashe tambaya biyu kake yi wa kowace sifana ba ɗaya ba: da farko kina da lamba ko ba ki da ita, sannan in kina da ita nawa ce. Yaya, na ciji leɓena har sai da na ji zafi, don amsar ke nan, ita ce cif abin da ke cikin littafin zango na uku, kuma ba daga bakina ta fito ba. Daga garejinka ta fito.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Layi biyar kawai take buƙata, ɗan ƙaramin shiri da zai duba kowane mutum ya ware masu lamba daga marasa lamba, ya jera masu lambar, sannan ya haɗa su. Layi biyar ɗin nan sun ci mata yammacin Laraba da safiyar Alhamis. Ta manta rufe baka, ta nemi kuskuren minti arba'in. Ta gyara, sai ta tarar a wani reshe na shirin ta sake mayar da rubutu inda ake jiran lamba, tsohon jan rubutun ya dawo kamar baƙon da ya manta hularsa. Mai kula da ɗaki ya kore mu. Ranar Alhamis wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji, muka jira janareta kusan rabin awa, ita tana kallon agogo ni ina kallon rufi. Sai ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata jerin ya fito fes, babu ja ko ɗigo, Kawu a gabanka, kai a gabana, jaririya a ƙarshe inda Allah ya ajiye ta.

Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. A takardar jingar, can ƙasa da ƙananan haruffa, malaminsu ya rubuta cewa in akwai bayanin da ba shi da lamba a sa shi a ƙarshen jeri. Ba wanda ya kula da layin don ba wanda ya buƙace shi. Takwara kuwa a sama ta sa Inna. Na nuna mata layin da yatsa, wannan kam doka ba ta hana ni ba. Na ce alama ɗaya za ta canza, aikin daƙiƙa biyar, kuma malamin nan mun san shi, ba banza ɗalibai ke kiransa Mai Jan Biro ba. Ta ce ta gani tun jiya. Ta ce ba a san shekarun Kaka ba, amma an san ta girmi kowa a jerin, don ita ta haifi rabinsu ta goyi sauran, sa ta a ƙarƙashin jaririya ƙarya ce ita ma, ƙarya mai bin doka. Na ce maki fa take nema, ba shari'a ba. Na ce ta tuna jakarta a ɗaure take. Ta ƙara layi ɗaya na bayani a saman shirin, ta faɗi dalilinta, ta danna aikawa ina tsaye. Na fita daga ɗakin don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Taurin kan nan dai na san inda ta gado shi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Jiya sakamako ya fito. Hamsin da bakwai. Mai Jan Biro ya cire mata ashirin cif saboda saɓa umarnin takarda, ya cire wasu a kan rashin tsara layuka da sunayen da ta raɗa wa abubuwa, don akwai inda ta kira wani gurbi "ƙusa" ba tare da bayani ba. Da ta bi maganata da tana da saba'in da bakwai, da tana cikin biyar na farko a aji. Wannan ashirin ɗin har yanzu tana yi mini ciwo, kuma ba ni da bakin zuwa in yi masa gardama, don a kan takardarsa yana da gaskiya, ni ma da ni ce haka zan yi. Mun haɗu a ɗakin malamai yana shan shayi, ya ce mini cikin ɗalibai arba'in da biyu na ajin ita kaɗai ce shirinta bai faɗi ba da ya jefa masa gurbin da babu komai, har na mai gilashi ma ya faɗi. Na ce to me ya hana shi rubuta mata haka a takarda. Ya ce shi maki yake bayarwa, ba kirari ba. Na kuma nuna mata daga baya cewa da ta sa shirin ya riƙa tambaya ko a sama ko a ƙasa za a sa marasa lamba, da ta gamsar da malami ta gamsar da Kaka. Ta ce ta yi tunanin haka, lokaci ne bai kai ba, kuma ta riga ta fara rubuta shi a littafinta.

To ga abin da ya sa na cika maka takarda har haka. Takwara ta haye, zango na biyu zai fara bayan sati biyu, sunanta na cikin jerin da aka liƙa. Amma jakarta tana nan a ɗaure a bayan ƙofa. Kullum da safe sai ta zuge ta ta ciro kayan da za ta sa, ta sake zugewa. Na yi magana, Inna ta yi magana, ta ce Baba ne ya ce ta haɗa kaya, kuma Baba bai ce ta kwance ba. Ni ba zan iya kwance abin da ka ɗaure ba, Yaya. Ina roƙonka ka fita daga garejin, ka sami inda babu ƙarar inji, ka kira ta, kuma ka ba ta fiye da minti uku. Ba sai ka gane lamba da rubutu ba. Ka tambaye ta labarin ƙusa kawai, ka bar ta ta kai ƙarshe, sannan ka ce ta mayar da jakar kan sif. Nan gaba ma jan rubutu zai sake fitowa, don ni da na shekara goma sha biyu a kai kullum sai mun gaisa da shi. In ta kira ka tana kuka, kada ka buɗe mata ƙofar gida, ka tambaye ta me jan rubutun ya ce.

Ka gaishe mini da Maman yara da kyau, ka ce na gode da tsegumi, ta ci gaba. Ka gaishe da ƙaramar 'yarka, ka faɗa mata ta yi kwana ɗaya tana yayar babanta. Ina gaida babban ma'aikacinka da iyalinsa, da maƙwabcinku mai shago da ke karɓar maka saƙo. Maigidana yana gaishe ka, Auta da mijinta suna gaishe ka, Kawu ya ce a tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne.

Na saka maka jerin a cikin ambulan, yadda ya fito daga firinta. Za ka ga kanka na uku. Inna ta sa an liƙa nata a bango kusa da kujerarta, tana nuna wa duk wanda ya shigo, ko da yake ba ta iya karanta shi ba, ta dai san layin farko nata ne. Ta ce in gaya maka tana sama kuma ba ta da niyyar saukowa, kuma duk wanda ya san shekarunta ya riƙe abinsa. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Gwaggon Takwara